Shafin Rumawa da Shafin Iya

Shekaranjiya jikata ta zo ta zauna a bakin tabarmata da wayarta a hannu, kamar yadda yaran yanzu suka saba, ido a kan gilashi, rabin kunne a wurina. Ta ce wai ta samo wasu maganganun hikima na mutanen Rum na dā, an fassara su, in ina so ta karanta mini tunda na cika son tsohuwar magana. Na ce karanta mana, amarya, ai kyauta ce. Ta fara ta farko, na ƙarasa mata. Ta kama ta biyu, kafin ta kai tsakiya na faɗi ƙarshenta, har da yadda take a harshensu na Latin, ko da yake haƙoran da ake faɗinta da su duk sun yi gaba sun bar ni. Yarinya ta sauke waya ta saki baki tana kallona. Na ce ta jawo mini akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. A cikinsa akwai wani littafi mai baƙin bango wanda ya girmi ubanta nesa ba kusa ba. Tun da na buɗe shi zuciyata ta koma Minna ta wancan zamani, har yanzu ba ta dawo ba.

Ku da kuka tashi kuka tarar da kwalta da fitilu da ƙarar babura, ba za ku gane garin da nake nufi ba. A lokacinmu jirgin ƙasa ne agogon kowa. In ya yi kuka da safe, mai koko ta san lokacin sauke tukunya ya yi, in ya yi na yamma, yara su fara kora awaki gida. Kafin rana ta yi zafi za ka ga matan Gwari sun gangaro daga duwatsu da itace da doya a kafaɗa, su ba sa ɗora kaya a ka. Matan Fulani kuma su taho daga wajen Beji da ƙoren nono, Nufawa da shinkafa da busasshen kifi. In ka ratsa Sabon Gari kunnenka sai ya gaji da harsuna, amma da an zo ciniki kowa zai jawo Hausarsa, mai kyau da maras kyau, a fahimci juna a rabu lafiya. Ƙamshin garin ma daban ne, hayaƙin gawayin jirgi ya haɗu da na gyaɗar da ake soyawa a gidaje. Yau in na zauna a ƙofar gida ba na jin ko ɗaya daga cikinsu, sai hayaƙin janareto.

Wadda ta raine ni kakata ce ta wajen uba, muna ce mata Iya. Mutuniyar Wushishi ce, ta biyo mahaifina Minna lokacin da ya samu aikin gyaran layin dogo, da mahaifiyata ta rasu kuma ta ɗauke ni ta goya. Gajera ce, baƙa, hannuwanta kullum suna sheƙin man gyaɗa, don sana'arta ke nan, mai da ƙuli-ƙuli. Tare suke yi da maƙwabciyarmu Nna Fati, wata Banufiya mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Amma abin da aka san Iya da shi a unguwa ba ƙuli-ƙuli ba ne, bakinta ne. Matar nan ba ta iya buɗe baki sau uku ba tare da karin magana ta faɗo ba. Kuma ba irin waɗanda kowane ɗan talla ya sani ba. Da yawansu daga tata kakar ta gaje su, ban taɓa jin su a bakin wani ba, kafin ta ko bayanta. In mata biyu suka yi faɗa a bakin rijiya, wurinta ake kawo su. Za ta bar kowacce ta zazzage cikinta tana ta mulmula tunkuza, sannan ta saki guda ɗaya tak. Sai ka ga mai laifi ta sunkuyar da kai, wadda aka yi wa laifin kuma dariya ta ƙwace mata. Ni kuwa Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika. Kullum tana ƙorafin wai ta yi rashin sa'ar miji, ga rowa ga ci.

Da na gama makaranta, gemu ya fara tsirowa, na samu aikin akawu a ofishin kaya na tasha. Kai, kaina ya kumbura a lokacin nan. Gajeren wando mai guga, farar riga, alƙalami a aljihu inda kowa zai gani. Babban akawunmu wani dattijo ne daga can bakin teku, ya taɓa koyarwa a makarantar mishan kafin ya shigo aikin jirgi, shi ya sa kowa ke ce masa Baba Ticha. Tabaransa da zare aka ɗaure ƙafarsa guda. Ya daɗe a Minna har Hausa ta zauna a bakinsa, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a wurinsa. Shi ma yana da irin ciwon Iya. In buhu ya fashe, ko ɗan kasuwa ya zo yana kumfar baki, ko wani cikinmu ya makara, sai ya ɗaga yatsa sama ya faɗi wata magana da wani harshe mai nauyi, ba Turanci ba. Rannan na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Ya ce Latin ke nan, harshen Rumawan dā, masu shi sun mutu tun kafin kakannin kakanninmu, amma maganarsu ta ƙi mutuwa. Ya fassara mini wadda ya faɗa, a kan mai gaggawa ce da abin da gaggawarsa ke jawo masa. Wallahi sai na ji kamar an buɗe mini taga. A ranar na sayi littafin nan mai baƙin bango.

Daga nan kullum sai na samu guda. Ya faɗa, in rubuta da Latin yana duba mini harafi harafi, a ƙasa in sa ma'anarta da Hausa. In na taso aiki bayan la'asar, in tarar da Iya a tsakar gida ta tasa kaskon suya a gaba, in zauna a kan turmi in buɗe littafi ina hura hanci. Ranar farko na karanta mata da Latin ɗin tukuna, don ta san jikanta ya wuce sa'a. Ta saurara har na gama, ta ce:

"Maigida, ƙashin kifi ne ya maƙale maka? Nna, miƙo masa ruwa."

Nna Fati ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. Na daure na faɗi ma'anar da Hausa. Iya ta juya ƙuli-ƙulinta a cikin mai, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce ai wannan tana da 'yar'uwa a wurinmu. Ta faɗe ta. Jama'a, maganar nan ta zauna daram a kan ta Rumawa, har ta fi ta gishiri, don tata da ɗan zagi a ciki. Kashegari na kawo wata, a kan yadda kwanaki ke wucewa ba sa jiran kowa. Ta ba ni 'yar'uwarta. Na kawo ta aboki na gaskiya da ranar da ake gane shi, ta ba ni biyu ta ce in zaɓa. Abu ya zama mana wasa na kowace yamma, har matan maƙwabta suka riƙa shigowa da faifansu a hannu don su ji wa zai ka da wani, Iya ko Rumawa. Ba su taɓa ka da ita ba. Wata rana ma ta ce:

"Anya mutanen nan naka ba 'yan Wushishi ba ne suka yi ɓatan hanya?"

Da na ba Baba Ticha labari, dattijon nan ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Kowace safiya kafin ya amsa gaisuwata sai ya ce, "To, kaka naka, me ya fada jiya?" In faɗa masa, ya cire tabarau ya yi dariya har hawaye, wani lokaci kuma ya yi ta gyaɗa kai. Shi ne ya karɓi littafin ya tsara mini shi da hannunsa. Ya ce shafin hagu na Rumawa ne, shafin dama na kakata, kowace magana ta zauna tana kallon 'yar'uwarta. Na ce to, Baba.

To ɗin nan kuwa a baki ta tsaya. Shafin hagu ya yi ta cika, da tawada mai kyau, da layi a ƙarƙashin kowace magana. Shafin dama kullum sai in ce gobe. Shekaru da yawa ina gaya wa kaina lalaci ne, amma yanzu na tsufa, ƙarya ba ta da amfani a wurina. Raini ne. A raina Latin ce ta cancanci tawada, don da jirgin ruwa ta zo, a cikin littattafai masu kauri. Maganar Iya kuwa a tsakar gida na tashi na gan ta, tare da turmi da tsintsiya da kaji. Wa ke rubuta tsintsiya a littafi? Kuma ina ganin Iya tana nan, duk ranar da na so sai in ɗiba.

Ana nan sai lokacin ajiye aikin Baba Ticha ya zo, zai koma garinsu. Ya ce ba zai bar Minna ba sai ya zo ya gaida matar da ta yi shekara guda tana kokawa da Rumawa. Ranar wata Lahadi da hantsi ya zo, da kwat ɗinsa da sandarsa. Iya ta sa aka share zaure aka shimfiɗa sabuwar tabarma, ta yafa mayafinta na zuwa suna, ta fito da kanta da ƙwaryar fura da ƙuli-ƙuli mai zafi. Suka gaisa kamar sun shekara arba'in da sanin juna, yana ce mata Mama, tana ce masa Malam. Ya faɗi tasa da Latin, na fassara, ta mayar masa nan take, ya buga sanda a ƙasa don daɗi. Can sai ya juyo ya ce in kawo littafin, yana so ya ji an karanta su a jere, hagu da dama, a gaban mai su.

Na shiga ɗaki na daɗe ina neman abin da na san inda yake. Da na kawo, ya buɗe shafin farko, ya buɗe na biyu, ya lashi yatsa ya yi ta buɗewa har tsakiya. Sai ya dube ni ta saman tabarau. Iya ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba, amma ba makauniya ba ce. Ta miƙa hannu ta karɓi littafin, ta riƙe shi a juye, tana shafa takardar da bayan yatsa don kada mai ya taɓa.

"Malam, wannan gefen mai baƙi-baƙi na waye?"

"Na mutanen Rum ne, Mama."

"Wannan farin fa?"

Baba Ticha ya yi shiru. Da na bar shirun nan ya wuce, da wataƙila abin ya zo da sauƙi. Amma bakin saurayi ba ya iya zama. Na yi 'yar dariya na ce:

"Iya, ai naki maganar gida ce. Ba sai an rubuta ba."

Ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da take yi wa gyaɗa in tana tsince ruɓaɓɓu. Ta rufe littafin a hankali ta miƙo mini da hannu biyu.

"Haka ne," in ji ta. "Dā ma na lura. In Malam ya yi magana hannunka na kan alƙalami, in ni na yi hannunka na cikin kwano."

Ta juya ta ci gaba da yi wa baƙonta hira, ta cika masa gwangwani da ƙuli-ƙuli na guzuri, ta yi masa addu'ar sauka lafiya. Na raka shi har bakin layin dogo. A nan ya tsaya ya dafa kafaɗata ya ce:

"Yaro, na Rum din nan, mutum dubu ya rubuta shi kafin kai. Ko ka kona littafi naka yau, babu abin da ya bata. Na kaka naka, wa ya rubuta?"

Ban sake ganinsa ba bayan jirgin da ya ɗauke shi a makon.

Daga ranar nan Iya ta rufe mini bakinta. Kada ku ɗauka gaba ta yi da ni, a'a. Tuwona na nan a rufe da faifai, ruwan wankana na nan da ɗumi, in na gaishe ta ta amsa da sakin fuska. Sai dai maganarta ta zama fara fat, kamar tuwo ba miya. Ga abincinka. An kira salla. Rufe ƙofa. Maigida ma ta daina, sai sunana na yanka, wanda dā sai na yi babban laifi nake jin sa a bakinta. In na doso gida ina jiyo ta daga zaure tana sakar wa mata magana suna shewa, da na yi sallama sai ta koma zancen tsadar itace. Na kawo mata sabuwar maganar Rumawa da na tanada, wadda na san dā ba za ta bari ta wuce ba. Ta saurara ta ce, "Allah sarki, sun yi gaskiya," ta ci gaba da aikinta. Wallahi da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Sai a lokacin na gane ba Latin ɗin nake ɗokin kawowa gida ba, amsarta nake ɗoki.

Ana cikin haka takarda ta zo, an yi mini canjin wurin aiki zuwa wata tasha can arewa, tafiyar kwana da yini a jirgi, kuma saura mako uku in tashi. Iya ta tsufa, numfashinta ya fara yin sama-sama in ta ɗaga taɓarya. Na san in na tafi a haka, mai yiwuwa a haka za mu rabu har abada. Na ɗauki littafi da alƙalami na durƙusa a gabanta na ba ta haƙuri, na ce ta faɗo su duka, yau zan cika shafin dama ko hannuna zai karye.

"Na yafe maka tun ranar," in ji ta. "Amma me zan faɗo?"

"Karin maganarki, Iya. Ko guda ɗari ne."

"Kai yaro, gyaɗa ce da zan auna maka a mudu? Ni ban ajiye su a buhu ba. Sai abu ya faru suke zuwa, in ya wuce su wuce. Yanzu da ka tsare ni da wannan tsinken naka, ko ɗaya ban gani ba a kaina."

Na ɗauka ja mini rai take yi. Sai da Nna Fati ta ja ni gefe ta ce mini gaskiya Iya ta faɗa, ita ma shekara ashirin suna tare ba ta taɓa jin Iya ta faɗi karin magana don an roƙe ta ba. Ta ce, da irin Hausarta, "In kana so ruwa, sai ka zauna wurin rijiya. Kai kullum kana ofis." Na koma na yi ta bin tsofaffin shafuka ina ƙoƙarin tuno amsar da ta ba kowace maganar Rumawa. Abin kunya, sai in tuno dariyar da aka yi, in tuno ma abin da ke cikin kasko a ranar, amma kalmomin sun zube. In kamo kai, wutsiya ta ɓace, in haɗa da nawa kuma sai ta fito ba daɗi.

Saura mako guda na nemi hutu, aka ba ni. Na cire gajeren wando da farar riga na sa tsohuwar taguwa, na ajiye littafin a ɗaki, na fito tsakar gida da sassafe na zauna a gaban buhun gyaɗa na kama ɓara. Iya ta dube ni ta kau da kai. Matan gida suka yi ta ƙus-ƙus, wai akawun tasha ya koma ɗan ƙuli-ƙuli. Abokaina suka zo zaure suka yi sallama, da suka ji abin da nake yi suka tafi suna dariya, na san kuma labari ya kai tasha kafin azahar. Ban kula ba. Na ɓare gyaɗa har 'yan yatsuna suka yi kanta. Na koyi soya ta da yashi a kasko, da murje ta a faifai, da fece jan ɓawon. Na yi daka har kafaɗuna suka daina jin nawa ne. Na ga yadda ake zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a kan niƙaƙƙiyar gyaɗa ana juyawa a turmi, ana juyawa, har mai ya fara tsattsafowa ya taru a sama. Shekara ashirin da 'yan kai ina cin abin nan, da shi aka saya mini allo da littattafan makaranta, ban taɓa sanin wahalar da ke cikinsa ba. Kwana ɗaya, biyu, har biyar, Iya ba ta ce komai ba sai "ƙara wuta" da "rage wuta". Amma na lura ta fara matso da kujerarta kusa da tawa.

Rana ta shida, jajibirin tafiyata, muka matse mai mafi yawa a makon, kwano babba cike, yana ɗaukar ido. Iya ta ce a bari ya huce Nna ta ɗura a kwalabe. Ni da ƙarfin samartaka da son a yaba mini, na ce ai ni zan kai shi inuwa. Ta ce bari. Na ce haba Iya, wannan ɗan kwanon? Na sunkuya na ɗaga, na yi taku biyu, wata kaza ta gifta tsakanin ƙafafuna. Na tafi da baya na zauna daɓas, kwano ya kife a cinyata. Allah ya taimake ni man ya riga ya sha iska, amma aikin yini biyu ya bi ƙasa, ni kuma ina zaune a tsakiyarsa ina sheƙi tun daga ƙirji har tafin ƙafa.

Sai kawai na ji wata magana ta faɗo daga bakin Iya, kafin ita kanta ta ankara. Karin magana ce a kan mai ƙarfin da ba a aike shi ba, ban taɓa jin ta ba, gajeriya, mai kaifi, ta dace da ni kamar don ni aka ƙera ta. Nna Fati ta zube ƙasa tana dariya, sauran mata suka ɗauki shewa. Iya ta kai hannu ta rufe bakinta, ta dube ni, na dube ta. Kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, tana share ido da gefen zane, ta ce:

"Maigida, ka kashe ni. Wace irin mace ce za ta zauna da miji irinka?"

Ni kuwa ina zaune cikin mai ina kuka wiwi, mata na tsammanin zafin faɗuwa ne ko asarar man. Daɗi ne ya yi mini yawa.

Da bakin ya buɗe kuma, sai ya ƙi rufuwa. Ina kwashe man da ya rage da ludayi ta saki wata. Na je wanka sabulu ya ƙi kumfa, ta jefo wata ta kan zana. Kaza ta dawo tana tsattsagar ƙasa a wurin, ita ma ta samu tata. Na ɗauko littafin da gudu, ina rubutu, ba ta hana ni ba. Kafin magariba na samu goma sha ɗaya. Da na gama ta ce in matso.

"Nuna mini inda nake."

Na buɗe shafin dama na farko na nuna mata layin. Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ashe haka take, 'yar ƙarama. Sannan ta ɗora babban yatsanta a ƙarƙashin rubutun ta danna, kamar yadda ta ga ana yi a takardar hukuma. Da ta ɗaga, man gyaɗa ya bar shaidarsa a takardar.

"To, na sa hannu. Sauran in ka zo hutu, in ka sake yin wata wautar."

Da safe ta rako ni har zaure, ba ta iya zuwa tasha ba. Ta cusa mini ƙullin ƙuli-ƙuli a aljihu ta ce kada in kula matan can, ita ce uwargida. Na tafi ina lissafin irin wautar da zan yi in na dawo. Wata huɗu da tafiyata, ina bakin aiki, mai buga waya na tashar ya shigo ya miƙo mini 'yar takarda bai yarda mun haɗa ido ba. Kafin jirgi ya kawo ni Minna an yi kwana biyu da binne ta. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta.

Shi ne littafin da jikata ta ɗauko mini shekaranjiya. Muka bi shafin hagu tare, tana danna waya. Duk maganar Rumawa da na karanto, kafin in rufe baki ta samo ta, da fassara, da bayani, har da wata murya da ke faɗinta. Baba Ticha ya yi gaskiya, ba wadda ta ɓata. Sai na ce to, nemo mini na dama. Na karanta mata ta farko, wadda ke saman tabon yatsa, ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, sannan ta rubuta a wayar ta jira. Ta sake rubutawa. Ta gwada ta biyu, ta gwada har ta goma sha ɗaya.

"Babu, Kaka. Ko ɗaya babu."

Ta ci gaba da buɗe littafin, shafin dama fari, na gaba fari, har bango. Ta tambaye ni waɗannan fa, ina nasu? Na ce suna Wushishi, suna tsakar gidanmu na dā, suna ƙarƙashin ƙasa tare da mai su, kuma ni na bar su suka tafi. Ta shafa tabon man da ɗan yatsanta. Can ta ɗaga wayar ta saita ta a bakina, ta ce to ni in faɗo duk waɗanda na sani, nawa da na Iya, ta ɗauka yanzu kafin in manta.

Na buɗe baki, wallahi ko ɗaya ban gani ba a kaina.

Na ce ta ajiye wayar. Akwai gyaɗa a kwando a bayan ƙofa, na ce ta ɗauko ta haɗo da faifai, ta zo ta zauna nan kusa da ni.